Kifin da Ya Kai Ƙugu

Makon jiya na ratsa Gurbin Giyayya da takalmi, tun daga wannan gaɓa har waccan, ko tafin ƙafata bai jiƙe ba. Albasa ce a wurin yanzu, da wani injin ban-ruwa yana ta tari kamar tsohon mashayin taba. Na tsaya inda nake zaton nan ne tsakiya, inda a da gwanin nutso kan nutse ya taso bai taɓo ƙasa ba. Mai albasar ya ɗago kai ya ce, "Malam, kak ka taka min iri." Ni ake gaya wa kada in taka, a gurbin ubana. Na dawo gida na kasa cin tuwo, shi ya sa na ɗauko biro.

Ni ba marubuci ba ne, kada wani ya zo yana gyara mini. Aji biyu na yi a sakandare a Birnin Kebbi, zamanin da komai na gwamnati sai an tafi Sakkwato, na faɗi jarrabawa aka sallamo ni. Bokon bai kai ya ba ni aiki ba, amma ya kai ya sa ni raina su. Na koma ƙauyenmu, can tsakanin Argungu da Gulma, da farar riga da agogon roba, ina toshe hanci idan Inna ta ɗora kifi a kan banda. A gidan masunta, a ce ɗan fari yana toshe hanci. Allah ya yafe mini.

A lokacin, gari ba ya wayewa shiru. Kafin ladan ya sauke, ka ji ana buga gora a bakin gulbi, ka ji filafili yana cin ruwa, mata na kankare ɓawon kifi da bayan wuƙa, kar, kar, kar. Idan damina ta ja baya, ruwa ya fara sauka daga fadama yana washewa, sai ƙawara su biyo shi, ƙanana kamar yatsa, ba su ƙirguwa, suna tsalle kamar ana yayyafi. Can kuma sai ka ji bum, kamar an jefa turmi a ruwa. Giwan ruwa ke nan ta kai wa ƙawara bara. Duk tsohon da ke zaune sai ya juya ya dubi inda ƙarar ta fito, ya san gurbin wa ne. Yanzu da asuba abin da nake ji babur ne da janareto, da rediyon maƙwabci.

Kowane gurbi da gidan da ke riƙe da shi, tun kaka da kakanni. Sharaɗin ɗaya ne. Kowace shekara, kafin a sa lauje a shinkafar fadama, gidan zai kai wa sarkin ruwan ƙauyenmu kifin gaisuwa: giwan ruwa, daga cikin gurbin nan, da hannun ɗan gidan, kuma idan aka tsayar da jelarta a ƙasa bakinta ya kai ƙugun mai gurbi. Shekara ɗaya aka rasa, a yi haƙuri. Shekara biyu a jere, a ba wani gida. Ba mugunta ba ce. Tsofaffi na cewa ruwan da ba a aiki cikinsa na kada ne. Mu kuwa gonarmu ba ta fi a ci wata uku ba. Gurbin nan shi ne rumbunmu. Gidan da ya rasa gurbi, mazansa sun zama 'yan jan tarun wasu, a ba su abin da aka ga dama.

Gidanmu ba gidan taru ba ne. Abin da aka san Baba da shi har Argungu shi ne ɗan gashi. Ƙugiya ce babba, ya ɗaura mata farin gemun bunsuru, ya kwantar da gashin zabo biyu a gefe, ya naɗe wuyan da jan zare, ya matse 'yar dalma a kai. Idan ka gan shi a bushe sai ka yi dariya, kamar tsohuwar laya da ta warware. Yana shiga ruwa gashin ya kwanta, ya zama ɗan ƙawara sak. Babu tana a jiki, babu abin ci ko kaɗan. Ƙaryar duk a hannun mai ja take.

Duk mai fatsa da na sani yakan jefa ƙasa ya jawo gaba da ruwa, don igiya ta miƙe ya ji abin da ke taɓa ta. Baba ya juya abin. Akwai wata saiwar giyayya da ta kwanta cikin gurbin, a bayanta giwan ruwa ke laɓewa, kanta yana duban inda ruwa ke fitowa. Sai Baba ya shiga ruwa zuwa cinya a ƙasa da saiwar, ya wurga ɗan gashi can sama da ita, ya jawo shi tare da ruwa, amma ya fi ruwan sauri. Yakan ce wanda tsoro ya kora ba ya hawan tudu, gangare yake bi. Wahalar ke nan: ruwan da kansa yana kawo maka igiyar, idan hannunka bai fi shi gudu ba, igiya ta saki, ɗan gashi ya mutu ya taso kamar shara. Hannun dama na riƙe da sandar gwangwala, kanta a ƙasa dab da ruwa. Hagu na ja, tana zuba igiya cikin ƙwaryar da ke ɗaure a ƙugu. Idan kifi ya kama kuma ba a ɗaga sanda, da hagun nan ake fizgewa.

To wannan hagun ce ta mutu. Wata safiya Baba ya tashi zai yi alwala, buta ta faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Wannan shekarar ba a kai gaisuwa ba. Aka ce Allah ya ba da lafiya, aka yi shiru. Da shekara ta zagayo, ruwa ya fara sauka, sarkin ruwa ya aiko cewa Jumma'a ta uku zai zauna bayan masallaci, kowane gida ya kawo nasa. Ƙannena mata ne. Ni ne ɗan gidan, ni mai agogon roba.

Akwai Kawu Labbo, ɗan'uwan Inna na nesa, mai taru da mutane sama da abin da gurbinsa zai ciyar. Kowa ya san idan namu ya faɗi, shi za a ba. Bai ɓoye ba. Kullum da safe idan na goyo Baba a jaki na ajiye shi a gindin giyayya, sai mu ishe Kawu Labbo ya zaɓi gaɓarmu ce wurin shanya tarunsa.

"Malam tica, an hito?" in ji shi. "Yau darasi na nawa?"

"Ina kwana, Kawu."

"Lahiya lau. Ni da ni na kai, da wasiƙa zan rubuta ma giwan ruwan. Ka sa mata kan sarki, wataƙila ta amsa."

Mutanensa su bushe da dariya, ni kuma in shiga ruwa kunnuwana na zafi.

Kwana goma ina jifa ina ja. Farko igiya ta sarƙe mini a ƙafa, ƙugiya ta kama rigata, ta kama reshe, ranar nan har ta kama kunnen jakin. Daga baya hannu ya saba, na iya fin ruwa sauri, na fara jin kaina. Ina ja sumul, kamu ɗaya daidai da ɗan'uwansa, har ina ƙirgawa a zuci da Turanci. Ko kifin tsage bai kula ni ba. Baba yana zaune, hagunsa a cinya kamar ba tasa ba, yana magana da rabin baki.

"Mi ka ka ja haka? Layi ka ka ja cikin littahi?"

"Baba, ai na hi ruwan sauri."

"Ka hi shi. Amma wanga abu naka bai ji tsoron komi ba."

"To yaya zan yi?"

Sai ya dubi hannunsa. Abin a hannun yake, bai taɓa zama a bakinsa ba. Shekara da shekaru yana yi, ba wanda ya ce ya faɗa, ni kuma da ya kamata in tsaya kusa in gani ina Birnin Kebbi ina haddace sunayen kogunan wasu ƙasashe.

Idan na ga manoma sun nufi fadama suna duba zangarniya, sai gabana ya faɗi. Idan na ji ana wasa lauje a maƙera, sai in ji kamar a wuyana. Inna ta lura. Wata hantsi tana fifita banda, ta jawo ni gefe ta rage murya, ta ce za ta sayar da tunkiyarta, in tafi kasuwar Argungu da sassafe ranar Jumma'a in sayo babbar giwan ruwa, wa zai sani? Wallahi na ji sanyi a raina. Ashe Baba yana bayan zana a kan tabarma.

"Zo nan, kai."

Na je na durƙusa.

"Sarkin ruwa shina buɗe baki shi duba inda ƙugiya tac ci. Shina shinshina laka shi san gurbin da anka hiddo shi. Amma bar wannan. Ko makaho na, in ka kai mishi kihin kasuwa da sunana, kak ka komo gidan ga."

Inna ta ce, "Malam, yunwa hwa?"

"Mu ja tarun Labbo. Ba a mutuwa da shi."

Ranar Laraba, saura kwana biyu Jumma'ar awo, rana ta ɗan taso, na wurga sama da saiwar, na fara ja. Sai na ga ruwa ya kumbura a bayan ɗan gashi. Na ga bayan giwan ruwa, toka-toka, faɗinsa kamar faifai, tana biye. Abin da na yi har yau idan na tuna sai in ciji yatsa. Na tsaya. Na ce a raina bari ta iso, kada in tsere mata. Igiya ta saki, ɗan gashi ya buɗe ya koma gemun bunsuru da gashin zabo. Ta zo dab, ta dube shi, na rantse dubansa ta yi, ta juya a hankali ta koma ƙarƙashin saiwa.

Ban taɓa jin Baba ya ɗaga murya haka ba tun da ya kwanta. "Ka taɓa ganin akuya ta tsaya jiran kura? Ɗan banza! Wa yac ce ka yi mata ladabi?" Yawu na zuba ta gefen bakinsa, ya kasa gogewa. Mutanen Kawu Labbo ma wannan karon ba su yi dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo.

Baba ya ce kifin da ya gane ƙarya sai ya kwana biyu bai fito ba, don haka ranar Alhamis ko yatsa kada in sa a ruwan. Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Ya sa ni na kwance ɗan gashin, na sake ɗaura sabo, yana nuna mini da ido, na rage gemun, na ƙara ja a wuya. Na yi shara, na ɗebo itace, na yi aikin da ban taɓa yi wa Inna ba don kawai kada in zauna. Da la'asar na ga an wuce da laujuna a kafaɗa.

Jumma'a da sassafe muka isa. Kawu Labbo yana nan, ya zo da mutanensa duka, tarun ma a naɗe yake cikin jirgi, ba a shanye ba. Na shiga ruwa, sanyinsa ya hau ni har haƙora. Na manta fatar da ake naɗawa a yatsa. Jifa na fari ya faɗi gajere. Na biyu ya tafi daidai, amma hannuna ya ƙi ni. Rawa yake yi, ba ya jin magana. In ja dogo, in ja gajere, igiya ta kuɓuce in cafko, in fizga biyu a jere. Na ce shi ke nan, ɗan abin da na koya ma ya gudu. Ina kallon ɗan gashi yana tahowa yana karkata, yana zabura nan ya zabura can, kamar mai neman wurin ɓuya.

Yana gifta saiwar, ruwa ya kumbura.

Hannuna ya so ya tsaya, wallahi ya so. Sai na ji Baba daga gaɓa, "Gudu! Gudu da shi!" Na ja kamar ni ake kora. Abin da na ji kawai, kamar an ɗaura igiyar a jikin mota an tayar. Na fizge da hagu, sanda ta tafi, ƙwarya ta kife, igiya ta bi ta yatsata ta yanka har na ga fari. Giwan ruwan ta nufi saiwa. "Kak ka bari ta shiga! Koma ƙasa!" Na bi gangare ina tuntuɓe, ina janye ta daga itacen, ruwa ya kai ni ƙirji, na sha, na taso. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai san sau uku tana zuwa sarari tana girgiza kai, baki a buɗe, ni kuma ina salati da ƙarfi kamar mace mai naƙuda. Da ta gaji ta kwanta a gefe, na jawo ta tudu, na cusa hannu cikin kumatunta na faɗa a kanta.

Kawu Labbo ya tako ya tsaya a kanmu. Ya dube ta daga kai zuwa jela, ya dube ni daga ƙafa zuwa kai. Ni dogo ne, Inna na biyo.

"Sannu da aiki, tica," in ji shi. "Amma gajera ta."

Murnar da ta fara taso mini ta koma ciki.

Bayan masallaci aka taru a ƙofar sarkin ruwa. Tsoho ne siriri, ba ya son yawan magana. Da aka zo kanmu ya buɗe bakin kifin ya ga inda ƙugiya ta ci, ya sunkuya ya shinshina, ya gyaɗa kai. Aka tsayar da jelarta a ƙasa kusa da ni. Saura tafin hannu guda ta kai ƙuguna.

Kawu Labbo ya ce, "Ranka shi daɗe, kowa ya gani. Da wanda yak kama aka awo."

Sarkin ruwa ya ce, "Mu dai ƙugun mai gurbi munka gada. Mai gurbi ya mutu ne ba a gaya min ba?"

Aka sauko da Baba daga kan jaki. Shi gajere ne, ciwon kuma ya lanƙwasa shi. Mutum biyu suka kama shi, ya ture su da kafaɗa, ya dogara sanda. Na matsa kusa ina riƙe da kifin, na ce a hankali, "Baba, tsaya yadda kake, kak ka miƙe." Ya juyo ya dube ni da idonsa mai lafiya, duban da har kabari ba zan manta ba. Sai ya fara miƙewa. Ya taka matacciyar ƙafar nan, ya tura ƙirji, jijiyoyin wuyansa suka fito, ya tsaya cak yadda bai tsaya ba shekara biyu. Ƙugunsa yana hawa, zuciyata na sauka. Sarkin ruwa ya ɗora yatsa a ƙashin ƙugun, ya kai shi kan leɓen kifin. Daidai, ko ƙwayar gero ba ta ragu ba.

"Ta kai," in ji shi.

Kawu Labbo ya kama hannun Baba ya ce, "Allah shi ƙara sauƙi, Malam," ya tafi ya kwance jirginsa.

A hanyar gida ina jan jaki, yatsata a naɗe da tsumma, Baba ya ce, "Yau ka ja shi kamar mai tsoro."

"Ai tsoron ni ka ji, Baba."

"To shi na aikin."

Bai ga wata daminar ba. Ni na zama mai gurbi, kuma na kai gaisuwa 'yan shekaru da hannuna, da dogon ƙuguna, ban taɓa gazawa ba. Sai aka gina madatsa aka tare ruwa can sama. Ambaliya ta riƙa zuwa 'yar kaɗan, ko ta zo ba lokacinta ba. Ƙawara suka daina saukowa. Gulbin ya kauce ya bar mu, gurbi ya zama tabki, tabki ya zama laka, giyayyar ta bushe aka faskare ta. Aka yi jiha, Birnin Kebbi ta cika da ofisoshi, ni da ajina biyu na samu gadin wani sito. Ɗana yana tuƙa keke mai ƙafa uku. Na taɓa nuna masa ɗan gashin kakansa, ya ce, "Baba, wanga laya ta mi ce?"

Amma ba a soke gaisuwa ba. Muddin ana kai ta, wurin namu ne, mai albasar nan da izinina yake shuka. Ɗan Kawu Labbo ne, kuma na ji yana kai-komo a kan a ba shi wurin dungum, tunda a cewarsa ba ruwa ba gurbi. Ni kuwa na ce ruwa baƙo ne mai komowa, idan ya komo ya ishe sunanmu. Don haka kowace shekara nakan je kasuwar Argungu da sassafe in sayo giwan ruwan da aka kawo daga wani wuri. In kawo ta gida, in rufe ƙofa, in ɗauko ƙugiyar Baba in huda mata leɓe. Sarkin ruwan yanzu jikan wancan ne, bai taɓa buɗe bakin kifi ya duba ba, amma ina hudawa. Idan aka zo awo kuma, nakan sassauta gwiwa a cikin riga. Shekarun baya kaɗan nake yi. Bara na sauka sosai, sai da na ji mutane sun yi shiru, sarkin ruwa ya kau da kai yana duban wayarsa ya ce ta kai.

Bana na zaga kasuwa sau biyu. Mafi girma da na gani, da na tsayar da ita a gefena, iyakarta tsakiyar cinya. Na kai wa tela yadi na ce ya yi mini babbar riga mai faɗi, ta sauka har idon ƙafa. Ya kawo ta jiya. Na sa ta a ɗaki ni kaɗai, na gwada sauka, na gwada in ga ko zan iya tsayawa a haka har a ɗora yatsa a ɗauke. Jikina duk rawa yake, irin ta ranar nan cikin ruwa.

Jumma'a jibi ce, mai albasa kuma ya ce zai zo kallon awo.